Guntun Kara Na Biyar

Shekarar da jan-baki suka sauka ƙasar Baure, mutanen Gidan Kanya sun ga ta kansu. Gero ya yi kyau, irin kyan da dattawa suka ce sun manta rabon da su gan shi, zangarniya ta cika ta fara nuna, sai ga tsuntsayen nan sun ɓullo ta wajen iyaka, garke-garke. In sun taso da safe sai ka rantse hadari ne ya haɗu. An kaɗa gwangwani, an yi ihu har muryoyi suka dushe, an yi ta wurga majajjawa har kafaɗu suka sage, tsuntsu ko a jikinsa. Ka kore su nan su sauka can, su ci su ƙoshi, da yamma su koma duhuwar fadama su kwana abinsu. Gonar da ta fi kowace kusa da fadamar nan kuwa ta Maharazu ce.

Maharazu mai baibaya ne, shi ke ɗaura wa ɗakuna da rumbuna jinka tun daga Gidan Kanya har garin Babban Mutum. Shekarunsa sittin da 'yan kai, siriri ne, ba ya son doguwar magana. Abu biyu aka san shi da su a ƙasar nan. Jinkar da ya ɗaura iska ba ta ɗauka, kuma abin da ka ba shi ajiya, yadda ka ba shi haka za ka karɓa. Saboda haka da labari ya zo cewa an turo jirgin feshi zai sauka a fakon bayan gari, Mai Gari Audi bai tsaya shawara da kowa ba. Ya aika aka kira shi.

"Maharazu, ga amana. Jirgin nan in ya sauka kai ne mai gadinsa. Ko kaza kada ta raɓe shi."

"Ranka ya daɗe, an gama."

Jirgin ya iso da hantsi. Ya zagaya gari sau biyu, ya sauko ya taɓa fako, ya yi 'yar tsalle, ya gangara ya tsaya. Jama'a sun zaci za su ga irin wanda ke kai alhazai, sai suka ga wani ɗan abu rawaya mai kujera ɗaya tal. Wata tsohuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan ne zai yaƙi jan-baki? Ai shi ma ɗan'uwansu ne!" Aka kwashe da dariya. Matuƙin, wani saurayin magidanci mai fara'a da ake kira Kyaftin Yazid, ya sauko yana taya su dariyar.

Ba a jima ba wata mota buɗaɗɗiyar baya ta iso. Wadda ta fito daga cikinta ita ce Injiniya Haulatu, 'yar cikin birnin Daura, mai kula da lafiyar jirgin. Sanye take da shuɗiyar rigar aiki, ta cusa gefen mayafinta cikin wuyan rigar tsaf. Ta durƙusa ta gaida Mai Gari, ta gaida Maharazu, daga nan ba ta sake kallon kowa ba sai jirgin.

To, ni dai na ga masu gyara iri-iri, na ga wanda ke kwance injin niƙa ya mayar, noti uku su rage a ƙasa, ya ce ai dama ƙari ne. Amma yadda yarinyar nan take aiki, sai wanda ya gani. Maharazu yana tsaye da sandarsa yana korar jama'a, amma rabin idonsa na kanta. Ta fara da farfelar da ke hancin jirgin. Ta bi bakinta da ɗan yatsa tun daga gindi har tsini, a hankali, yadda mahauci ke duba kaifin wuƙa. Ta ga dattijon yana leƙe, sai ta yi murmushi.

"Matso, Baba, amma ta baya. Gaban farfela ba wurin tsayawa ba ne, ko injin a kashe yake. In aka juya ta da hannu tana iya tayar da shi."

Ya matso. Ta ce tsakuwa ɗaya in ta sari bakin farfelar nan, daga wannan 'yar sarar tsaga take farawa, shi ya sa take shafawa. Ta buɗe murfin injin ta nuna masa silinda shida a kwance, uku nan uku can, kowace da fulogi biyu. Masu ba su wuta ma biyu ne, kowane da hanyarsa, kuma ba ruwansu da batir, in ɗaya ya mutu a sama ɗayan ya ci gaba da aiki. Maharazu ya gyaɗa kai. Wannan ya gane shi sarai, don shi ma bai taɓa ɗaura jinka da igiya ɗaya ba.

Ta tsiyayi mai daga ƙasan tanki cikin wani ɗan kofin gilashi, ta ɗaga shi wajen rana tana neman ɗigon ruwa. Man shuɗi-shuɗi ne, ta ce nasa daban ne, ba irin wanda ake sayarwa a jarka a bakin iyaka a Kongolam ba. Kowane noti mai muhimmanci an zura masa 'yar waya an murɗe, ta yadda ko girgiza ta so kwance shi ba hali. Da Maharazu ya lura cewa jikin jirgin ba kwano ba ne, yadi ne aka ja a kan ƙarafa aka shafe da fenti, sai da ya ce "Allahu Akbar" a fili. Ashe ɗan'uwan sana'arsa ne ya ƙera shi, tsaiko ne da rufi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne waɗansu faifai masu motsi a bayan fukafukai da kuma jela. Biyar ne: ɗaya a kowane fiffike, biyu a kwance a jela, ɗaya a tsaye. Shi dai a ransa ya sa musu suna kunnuwa. Haulatu ta sa Yazid ya shiga ya motsa sandar tuƙi. Ya kai ta dama, kunnen fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. Ya jawo ta baya, na kwancen jela suka ɗaga tare. Ya taka feda, na tsayen ya juya. Duk wayoyin ƙarfe ne ke bi ta cikin jirgin a kan waɗansu 'yan tayoyi, daga hannun matuƙi har jela.

"Da waɗannan yake hawa, da su yake sauka, da su yake juyawa," in ji ta. "In ɗaya ya cije a sama, Baba, shi ke nan. Mota in ta lalace sai ta tsaya gefen titi. Shi wannan ba shi da gefen titi."

Da ta gama, ta mayar da kayan aikinta cikin akwati. An shimfiɗa soso a ciki, an yanke wa kowace sufana da filaya gurbinta. Ta bi su da ido ɗaya bayan ɗaya kafin ta rufe. Ta ce muddin gurbi ɗaya ba kowa, jirgin ba ya tashi, don abin da ba ya cikin akwati yana iya kasancewa cikin jirgi.

Shiri shi ne a tashi gab da faɗuwar rana, lokacin da tsuntsayen suka taru a makwancinsu, a yi feshi kafin duhu. Lokacin ɗan kaɗan ne, bai kai sa'a guda ba. Bayan azahar Haulatu da Yazid suka shiga mota za su Baure ɗauko maganin feshi da gangar mai da aka aiko daga Daura. Sun ɗaure fukafukan jirgin da jelarsa a turaku. Sama tas take, ko girgije ɗaya babu. Haulatu ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Baba, don Allah kada kowa ya taɓa shi."

Amma iskar ƙarshen damina ba ta sallama. Ana shirin la'asar gabas ta yi ja, kafin ka ce kwabo iska ta taso da ƙarfinta, tana kwasar tabarmi da kwanuka. Jama'a suka watse, aka bar Maharazu shi kaɗai a fako. Turakun sun riƙe, jirgin yana ta rawa amma bai gusa ba. Kunnuwan nan ne abin tsoro. Iskar ta bayan jirgin take bugowa, sai ta ɗaga su ta maka, ta ɗaga ta maka, ji kake bam, bam, kamar ƙyauren da aka manta ba a sa wa sakata ba.

Shekara arba'in da wani abu mutumin nan yana faɗa da iska. Ya san abin da take yi wa duk abin da aka bari yana lilo, sai ta jijjiga shi har maɗaurinsa ya saki. An ce kada kowa ya taɓa, ya ji. Amma ya tsaya yana kallo iska ta karya amanar da aka ba shi? Hannunsa ya riga tunaninsa. Ya ruga wani tsohon darni da ke gefen fako, ya zare karan dawa mai kauri, ya fitar da wuƙa ya yanka gunduwa biyar, kowace tsawon ɗan yatsa. Ya tokare kowane kunne da kafaɗa, ya cusa guntun kara a tsagar da ke tsakaninsa da jikin jirgin. Bugun ya tsaya cak. Ya zauna ƙarƙashin fiffike yana haki, yayyafi na dukansa, ransa fari ƙal.

Iskar ba ta fi rabin sa'a ba ta wuce. Yana cikin kakkaɓe rigarsa ya jiyo ƙugin mota daga nesa. Nan ne fa gabansa ya faɗi, ya tuna abin da aka ce kada ya bari a taɓa, shi ne ya taɓa. Ya bi jirgin da sauri yana fizge karan yana cusawa a aljihu, ya koma inda aka bar shi ya dogara sandarsa.

Haulatu ta diro tun motar ba ta gama tsayawa ba. Ta zagaya jirgin sau biyu, ta kama kowane kunne ta ɗaga ta sauke, ta duba maɗauransu da tocila. Ta sauke ajiyar zuciya.

"Ikon Allah. Iskar nan ba ta yi musu komai ba. Ba wanda ya taɓa shi ko, Baba?"

"Ba wanda na bari ya matso," in ji Maharazu, idonsa a ƙasa.

Aka zuba mai, aka zuba magani. Gari kaf ya fito, maza da mata, Mai Gari a gaba kan kujerarsa. Yazid ya sa hular kwano ya shiga, ya motsa sanda ta kowane gefe, ya taka feda, komai sumul. Ya leƙo ya yi kira a kauce, farfela ta juya sau biyu a kasalance, injin ya yi tari ya kama. Kai, sautin nan da daɗi yake! Ya ƙara wuta, ya gwada mai ba da wuta na farko shi kaɗai, sautin ya ɗan sauka, ya gwada na biyu, haka. Haulatu tana tsaye daura da fiffiken hagu, ta karkata kai tana saurare. Rana ta yi ƙasa, zugar farko ta jan-baki ta fara wucewa ta nufi fadama.

Maharazu ya zura hannu a aljihu haka kawai, yatsunsa suka taɓa karan. Ya murza su. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ya sake bi. Huɗu. Ya laluba ɗaya aljihun, ba komai sai wuƙa da goro.

Biyar ya yanka, wannan ba ya shakka. Ya dubi ƙasa inda jelar take, fako fes, iska ta share shi. Sai ya tuna na ƙarshen, wanda ya cusa a gindin kunnen tsaye, dab da wata 'yar kafa da waya ke fitowa ta cikinta. Ya cire shi kuwa? Ya rasa.

Zuciya dai ba ta rasa abin faɗa. Ta ce masa ai iska ce ta ɗauke shi, yanzu haka yana can cikin gonar wani. Ta ce kara ne fa, ba ƙarfe ba, kuma ga shi an gwada komai lafiya. Ta ce in ka buɗe baki jirgin nan ba zai tashi yau ba, gobe da asuba a gonarka jan-baki za su fara sauka, gari kuma ya san cewa Maharazu mai amana ya taɓa abin da aka hana, aka tambaye shi ya kauce. Wataƙila ma a buɗe a ga babu komai, ka yi biyu babu. Duk ya ji, kuma ba wadda ya iya ƙaryatawa. Sai dai ta gilashin jirgin yana hango fuskar Yazid, yana duba agogunansa hankali kwance. Yazid ya ɗaga wa Haulatu babban yatsa, alamar a zare katakon da ya tare tayoyi.

Maharazu ya yar da sandarsa. Ya zagaya ta baya yadda aka koya masa, iskar farfela tana neman tuɓe masa hula, ya iso gabanta ya buɗe tafin hannunsa. Ya ɗaga murya don injin ya cika wurin.

"'Yata, na taɓa shi! Da iska ta zo na tokare kunnuwansa da kara!"

Ta dubi hannun, ta dube shi. Ba ta zaro ido ba, ba ta yi salati ba.

"Nawa ka sa?"

"Biyar."

"Nawa ne nan?"

"Huɗu."

Ta juya ta fuskanci Yazid, ta gitta hannu a wuyanta. Injin ya mutu, farfela ta yi juyi biyu ta tsaya. Ba ka jin komai sai kukan tsuntsaye a sama.

Da magana ta bazu, hayaniya ta tashi. Mai Gari Audi ya miƙe daga kujera. "Maharazu! Kai da na zaɓa cikin gari duka?" Wani daga baya ya ce, "Kara! Saboda guntun kara za mu sake kwana da tsuntsu?" Wani ya ce tsufa ne ya fara taɓa shi. Maharazu ya tsaya da karansa huɗu a hannu, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Yazid ya sauko, ya dubi rana, ya dubi Haulatu. "Injiniya, minti nawa?"

"Ban sani ba, Kyaftin. Sai na gan shi, ko na tabbatar ba ya ciki."

Ya cire hular kwanonsa ya zauna a kan taya. Ya ce wa Mai Gari, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Ta shimfiɗa tabarma ƙarƙashin jela ta kwanta rigingine. Akwai waɗansu 'yan murafai zagayayyu a jikin yadin, ta cire na farko, ta zura tocila da ɗan madubi mai doguwar mariƙa. Babu. Ta cire na biyu. Babu. Jama'a na ta gunaguni a kanta, ita ko gezau, ba ta ƙara sauri ba, ba ta rage ba, kowane sukuru ta cire sai ta sa shi cikin kofi. Tsuntsaye suna ta kwarara ta saman kawunansu, zuga bayan zuga, har fadama ta cika da surutunsu. Rana ta taɓa kan itatuwa, ta nutse. Ladan ya ɗaga murya daga cikin gari, a daidai lokacin ta zura doguwar filaya ta murfi na uku, ta jawo hannunta a hankali. Ga shi nan, guntun karan dawa, da sawun wuƙar Maharazu a bakinsa.

"Kwance yake a ƙasa, shi ya sa komai ya motsa lafiya ɗazu," in ji ta. "A sama kuwa shi ma tashi zai yi. Kyaftin, shiga."

Ta mayar da karan, ta ɗan tura shi gaba kaɗan, inda zai gangara in jirgin ya sunkuyar da kai yana feshi, ƙarƙashin ƙarfen da wayoyin jela suka kama. Ta ce ya jawo sanda baya. Ya ja, ta zo rabi ta tsaya. Ya sa hannu biyu, ko motsi. A tsayin da ake feshi, dab da kan itatuwan fadama, mai son ya ɗaga hancin jirgi ba shi da lokacin ja na biyu. Yazid ya daɗe a zaune bai saki sandar ba.

Haulatu ta sake zaro karan, ta miƙe ta kakkaɓe rigarta, ta juya wajen Mai Gari yadda kowa zai ji.

"Ranka ya daɗe, laifin farko nawa ne. Akwai abubuwan tokarewa da ake sa wa kunnuwan nan in za a bar jirgi a fili. Na ga sama tas, na bar su a mota na tafi da su. Da Baba bai tokare su ba, da iskar nan ta ɓalla maɗauransu, da jirgin nan ya yi sati bai tashi ba. Gobe in Allah ya kai mu zan sake bin sa tun daga hanci har jela, da yamma mu yi feshi."

Mai Gari ya gyara rawani ya nufi masallaci. Jama'a suka bi shi, kuma kada in yi muku ƙarya, ba duka ne suka huce ba, don kowa ya san abin da kwana ɗaya ke nufi ga gero. Maharazu ya fi kowa sani. Ya tsaya yana kallon wajen fadama, inda gonarsa take, ya san kafin hantsin gobe rabin abin da ya noma ya tafi.

Sai wayar Yazid ta yi ƙara. Ya ɗauka, muryar wata 'yar ƙaramar yarinya ta fito ras, har Maharazu yana ji.

"Abba, ka tashi sama yau?"

"A'a, Yasmin, yau ban tashi ba."

"Don me?"

"Wani Baba ne a nan ya ce in tsaya tukuna. Ga shi, ki gaishe shi."

Ya miƙa masa wayar. Maharazu ya karɓa da hannu biyu, ya kara a kunne.

"Baba, ina wuni? Ka ce wa Abba in zai dawo ya taho mini da rake."

Dattijon ya dubi Yazid, ya dubi jirgin. Ya sulale ya zauna a fako, hawaye na bin gemunsa, ya amsa mata.

"Lafiya lau, 'yar nan. Zai kawo miki. Da kansa zai kawo miki."